Igiya Ɗaya Ka Ba Mijina, Yaya Ishaya

Zuwa ga Yaya Ishaya,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a duk inda kake. Ni ce Saratu, ƙanwarka, wadda ka toshe lambarta wata bakwai ke nan. Ba ka ɗaukar wayata, ba ka ɗaukar ta Mama, na aika Fasto ya neme ka ka ce masa kana cikin aiki za ka kira, ba ka kira ba. Shi ya sa na zo nan, shafin da kake saka hotunanka, in rubuta maka a gaban abokanka. In ka ji kunya, ka tuna na bi duk hanyar rufin asiri kafin in biyo wannan.

Shekaranjiya Rifkatu maƙwabciyarmu ta miƙo mini wayarta ta ce in ga yayana. Ga ka a Fatakwal, rataye jikin wani dogon bene da ba a ganin komai sai gilashi. Hular kwano a kanka, bel sabo fil a ƙirjinka, safar hannu, takalmi mai kauri. Na ƙara girman hoton da yatsa na duba bayanka. Igiya biyu. A ƙasa kuma ka rubuta da Turanci cewa tsaron rai shi ne farko, mutane suna ta yaba maka. Na mayar mata da wayarta na shiga ɗaki na juya Yohanna ɗaya gefen, don lokacin juya shi ya yi.

Saboda masu karantawa da ba su san mu ba: Yohanna mijina ne, uban 'ya'yana mata biyu, kuma shi ne ya faɗo daga hawa na uku yana yi maka aiki.

Ka tuna ranar da ka zo gidanmu a Narayi? An sallami Yohanna daga kamfanin da yake aiki a Kakuri, ya yi wata biyu a gida yana gyara abin da bai lalace ba. Lokacin kai ka fara samun wuri. Daga tsani ɗaya da bokiti da robar goge gilashi a shagunan unguwar Television, ka kai ga otal-otal da ofisoshi a Barnawa suna kiranka. Ka zauna a tabarma ka sha faten accan da na yi, ka ce, “Suruki, zo mu yi tare. Gilashi ba ya ƙarewa a garin nan.”

Da na raka ka bakin ƙofa na ce maka ina tsoron hawa sama. Ka yi dariya ka dafa kafaɗata. “Mijinki a hannuna yake. Kuma muna da inshora, in ma ƙwarzane ya samu su za su biya asibiti.” Na koma ciki da murna na gaya masa. Ni na lallashe shi ya karɓa, Yaya. Ni.

Sau uku Yohanna ya yi maka maganar igiya ta biyu, a gabana biyu. Ya ce ya ga yadda masu aikin suke yi a waya, ɗaya ta riƙe mutum, ɗaya ta jira ko ta farko za ta ci amana. Kullum amsarka ɗaya ce: “Bari mu gama wannan aikin tukuna.” Aka gama wannan, aka gama na bayansa, ka sayi sabon babur, ka buga riguna masu sunan sana'arka a baya, ka buga kati. Igiyar da ke hannunku ta gwanjo ce, ba wanda ya san a wace ƙasa ta yi aiki, ko shekara nawa ta yi a rana. Bel ɗin da yake ɗaurawa kuwa, da ɗinkin kafaɗarsa ya warware, shagona ka kawo. Na sa zaren da nake ɗinka jakar makaranta da shi na bi ta kai sau huɗu a keken ɗinki. Ka riƙe ka ja ka ce ya fi sabo. Ni tela ce, ban san komai a kan abin da ke riƙe ran mutum a sama ba. Kai ka sani.

Ranar Talata ce da safe, ina yanka atamfar wata amarya. Wayata ta yi ƙara, wani mutum da ban sani ba ya ce in zo asibiti, mijina ya ɗan ji ciwo. Har yau almakashin da na ajiye ban san wanda ya ɗauka ba.

Daga baya na ji yadda abin ya faru. Kun hau rufin wani otal, babu wurin ɗaure igiya da aka tanada, sai ka ɗaure ta a ƙafar ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa. Ƙarfen da ruwa ya yi shekaru yana ɗiga masa, tsatsa ta cinye cikinsa, fenti kawai ya rage a waje. Yohanna ya sauka ya goge hawa na huɗu lafiya, ya kai na uku, ƙarfen ya karye. Ya faɗa kan rufin kwanon ɗakin janareta, daga nan ya gangaro ƙasa. Da akwai igiya ta biyu ɗaure a wani wuri dabam, da abin da zai samu bai wuce tsoro da kurjewar gwiwa ba. Da ya dawo gida da yamma ya ba mu labari muna dariya.

Likita ya kira ni gefe ya nuna mini hoton ƙashin bayansa a jikin fitila. Ya yi magana a hankali, ya ce mu yi ta addu'a, amma kada mu sa rai da ƙafafun. Kana tsaye a bayana lokacin. Ka ji da kunnenka.

Kwana huɗu ka yi tare da mu. Ran na huɗun ka kawo mini fayil ruwan ƙasa, ka ce takardun inshora ne, in riƙe, za ka je Abuja ka ga manyansu don abin ya yi sauri. Wani ɗan cocinmu ya gan ka a tashar Gonin Gora kana shiga mota da babbar jaka. Na ce masa ai na sani, aiki ya tafi yi mana. Sati guda ina kare ka.

Da wayarka ta daina shiga, na ɗauki fayil ɗin na tafi ofishin inshorar da ke nan Kaduna da kaina. Wata mata ta karɓe ni, ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Ta karanta takardar daga sama har ƙasa, ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce wannan inshorar ta kayan mutane ce. In gilashin mai gida ya fashe, za su biya. In bokiti ya faɗo kan mai wucewa, za su biya. Ita otal-otal ke tambaya kafin su ba da aiki, shi ya sa ka yi ta. Na ce mijina fa? Ta ce, “Madam, ki yi haƙuri. Da kan motar wani ya faɗo, da motar za mu gyara.”

Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, idonta ya kawo ruwa. Ta ce akwai wata dabam ta ma'aikata, kuma ita da kanta ta yi maka bayaninta ranar da ka zo, ka ce za ka dawo.

Ka sani ke nan. Ranar da ka dafa kafaɗata a bakin ƙofa ka sani. Ranar da ka kawo mini fayil ɗin a barandar asibiti ka san abin da ke ciki da abin da babu. Ka bar ni na sa zanen coci na shiga mota biyu, na je na zauna gaban baƙuwa don ita ta gaya mini abin da yayana ya kasa faɗa. Na fito daga ofishin na tsaya bakin titi, masu keke napep suna ta tsayawa suna tambayata ina zan je, na rasa sunan unguwarmu.

Bari in gaya maka yadda muke, tunda ba ka tambaya ba. Zumuntar matan cocinmu ta samo mana keken guragu. Na kwaso keken ɗinkina daga shago na dawo da shi falo, don ba a barin Yohanna shi kaɗai. Duk awa biyu sai an juya shi, in ba haka ba bayansa ya yi gyambo. Wanka sai mutum biyu, ni da mijin Rifkatu, mutumin da ba dangin iya ba na baba, ya tashi daga aikin kanikanci ya zo ya ɗauki mijina kamar jariri. Yohanna yana rufe ido in ana ɗaga shi. Ƙaramar 'yarmu ta daina tambayar yaushe Baba zai tashi, ta koma tambayar ina Kawu.

Mama ta tsufa a wata bakwai ɗin nan fiye da yadda ta yi tun rasuwar Baba. In an tambaye ta a kasuwa sai ta ce kana kira kullum, aiki ne ya riƙe ka. Mama, wadda ta taɓa dukanmu mu biyu saboda ƙaryar naman miya, yau ita ke ƙarya a kanka. Ɗanta ya karya surukinta, ba ta san gefen da za ta zauna ta yi kuka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yohanna ba ya zaginka. In na fara, sai ya ce, “Saratu, bar shi haka.” Ran nan na dawo daga sayen magani na tarar ya sa yara sun ɗaura masa tsumma a bakin sandar tsintsiya, yana zaune a keke yana goge gilashin tagarmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙurar ce ke damun idonsa. Na shige kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

Da a nan na tsaya, da na rufe takardar nan da kalmomin da ba za ka so abokanka su gani ba. Na ma rubuta su na goge. Abin da ya hana ni shi ne baƙon da muka yi ranar Lahadi.

Malam Sani, maigadin otal ɗin, dattijo ne daga Makera. Shi ne ya kira ni a waya ranar da abin ya faru. Ya nemo gidanmu da tambaya, ya zo da lemo a leda. Ya gaisa da Yohanna, ya yi masa addu'a irin tasu, sannan ya juyo ya ce mini, “Ina yayan naki? Hannun nasa ya warke kuwa?”

Na ce wane hannu?

Ya ce shi yana ƙasa yana kallo. Da ƙarfen ya karye, igiyar ta fara gudu a bakin rufin, ka faɗa kanta ka cafke da hannu biyu, babu safa. Ta ja ka har bakin katanga, ƙirjinka ya bugu, ba ka saki ba. Tana zamewa a tafinka kana ƙara damƙewa, har ƙarshenta ya fita. Ya ce da ka sauko, tafin hannunka babu fata. Shi ya yaga rawaninsa ya naɗe maka, ya ce ka nuna wa likita, ka ce masa a fara duba surukinka.

Sai a lokacin na tuna cewa kwana huɗun nan a asibiti hannunka na cikin aljihun babbar riga. Na kawo abinci ka ce ka ƙoshi. Fayil ɗin ma a hammata ka riƙo shi, ka ce in zara. Ni kuwa na ɗauka girman kai ne.

Da Malam Sani ya tafi na tambayi Yohanna. Ya ce ya sani. Ya ce ya ji igiyar ta tsaya da shi sau biyu a iska kafin ya kai rufin kwanon. “Da bai riƙe ba, Saratu, da kin binne ni.”

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka, Yaya. Bai wanke ka ba. Kai ka ɗaure igiyar a ruɓaɓɓen ƙarfe, kai ka hana ta biyu, kai ka yi mini ƙaryar inshora. Wani fushin ma ya ƙara mini. Mutumin da ya iya riƙe igiya tana cin namansa, ya kasa riƙe idon ƙanwarsa ya ce na yi kuskure? Wuta ka iya jurewa, ni ce ba ka iya ba? Me zan yi maka? Ihu zan yi. In ma na mare ka, hannun tela ne.

Amma tun ranar Lahadi na kasa tsine maka yadda na saba. In na fara sai in ga hannun. Hannun da ya koya mini ɗaure guga a rijiyar gidanmu na ƙauye, kana tsaye a bayana don kada in leƙa da yawa. Wa ya wanke maka ciwon a garin mutane? Wa ya ba ka abinci a baki kafin ya warke? Yaya aka yi ka ɗauki jakar nan a Gonin Gora?

Ka dawo. Kada ka jira sai ka tara abin da za ka riƙo, ba shi muke jira ba. Ka sauka a Television ka hau keke, gidan yana inda ka bar shi. Ka fara zuwa wurin Mama. Daga nan ka zo ka tsaya a falona ka ji duk abin da zan faɗa, tsaye, ba tare da ka ce uffan ba. Ban yi maka alkawarin yafiya ranar ba, ban ma san ranar da za ta zo ba. In na gama, ruwan wankan Yohanna zai kasance a wuta. Ka kama shi ta kafaɗa, ni in kama ƙafa. Ya yi nauyi, Yaya, bayana ya fara ciwo, kuma mijin Rifkatu yana da nasa iyalin.

Ubangiji ya kiyaye ka a saman benayen da kake hawa. Ya warkar da tafin hannunka in bai warke ba. Ya hana ka sukuni a garin nan, abinci ya ƙi yi maka daɗi, har sai ka kama hanyar Kaduna. In ka kama kuma, ya kawo ka lafiya. Amin.

Ƙanwarka, mai fushi da kai har yanzu,
Saratu
Narayi, Kaduna