Keken Munawwara Ba Kayan Jere Ba Ne

Sadiƙ,

Na ɓalle kwaɗon ɗakinka. Kada ka nemi ɓarawo, ubanka ne.

Wata uku ke nan da 'yan ƙungiyar agaji suka ba 'yarka Munawwara keken guragu a Ƙaraye. Jiya na ga ta rarrafo daga makaranta, gwiwa duk jini. Ta ce, "Kaka, ni na daina zuwa."

Da safe bayan ka fita na tambayi matarka ina keken. Wai ka kulle shi cikin ledarsa, kada ya tsufa kafin masu shi su dawo dubawa. Tir! Bokon naka ke nan? Kana tattalin taya, yarinya tana cin tsakuwa.

Na ɗora ta a kai. Ni zan tura ta makaranta da wannan tsufan nawa, duk mutanen garinmu Kurugu su gani.

Kafin mu dawo ka fasa dokin ƙofar zaure, ka baje shi da ƙasa. Keken ba ya hawa.

Ledar tana kan gadonka. In baƙin naka sun zo, nuna musu ita. Ko ƙwarzane babu.

Gwadabe