Saura Mu Biyu a Ayarin Gwanja

Tambuwal, 1938

Daga Almu zuwa ga amini Bube na Kebbe. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, Ɗangiwa ya rasu ranar Talata da la'asar. Ni na yi mai wanka. Mu bakwai munka yi fataucin goro zuwa Gwanja muna samari, yau saura ni da kai. Tun da anka rufe shi tuwo bai shiga bakina. Na sa an ɗinka mini likkafani, ina kwance ina jira. In na taɓa yi maka laifi, ka yafe mini.

Wassalam.

Kebbe

Almu, na gaishe ka. Allah shi jiƙan Ɗangiwa.

Ban yafe ba. Kai da ka goya ni munka ƙetare kogin Kwara ina zazzaɓi, kai za ka kwanta ka jira? Kunya ba ta kama ka?

Bari ka ji nawa. Baturen likita ya zo rangadi, ya duba ƙafata da ta kumbura. Ya ce in ba a kai ni Sakkwato an yanke ta ba, ba ni ganin damina. Na ce mai, da ƙafar nan na taka Gwanja sau tara, da ita za a rufe ni. Jibi zan hau jaki in taho wurinka. Ka sa a dama fura, kuma kada in iske ka kwance.

Naka, Bube.

Kebbe

Baba Almu, ina gaisuwa da ladabi. Ni ce Lauratu, ɗiyar Bube. Baba ya fita jiya bayan asuba, shi kaɗai, ko tsayuwa bai iyawa. Mun bi shi har bayan gari ya kore mu da sanda. Don Allah in ya iso ka maido muna shi.

Allah shi ƙara girma.

Tambuwal

Lauratu, ɗiyata, ina gaishe ki.

Ya iso, ɗaure da igiya bisa jaki don kada shi faɗi. Kafin a kwance shi ya fara zagina. Na tashi. Mun ci tuwo akushi ɗaya.

Ba ni maido shi. Ƙafar ta yi muni, ba zan ɓoye miki ba. Amma kullum da hantsi ana kai mu bakin kasuwa, shina nan shina faɗa da masu goro, wai ba su san na kirki ba.

Ki zo da wuri. Ya ce duk wanda ya zo da kuka a tsaida shi zaure.

Allah shi yi miki albarka.