Ka Cire Baba Daga Wasanka

Gwaram, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Abdurra'uf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta Musulunci, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Malesiya, kai da matarka Basma da jaririyarku Nasiha, Allah ya raya ta, ya sa ta fi ubanta tunani. Mu nan Gwaram sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, gyaɗa ma ba laifi. Maigidana Maliki yana nan yana fama da hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu da motar nan tasa, yau ta tashi, gobe sai an tura. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, tana shan magani idan ta ga dama. Labarin Baba kuwa zan zo kansa, amma sai na fara amayar da abin da ke cikina. Na zaɓi rubutu ne da gangan, domin a waya katse ni kake yi da dogon Turanci har in manta abin da na kira in faɗa. Wannan karon za ka yi shiru ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna zuwanka Babbar Sallar bara, da ka zo da ɗan jirgin nan mara matuƙi a cikin jaka, kana tayar da shi a saman gidanmu na Birnin Kudu yana ƙugi, kaji suna gudu? Ka ɗauki gidan, ka ɗauki layin, ka ɗauki masallacin unguwa har zuwa gindin dutse. Sannan ka sa Baba ya yi ta tafiya daga ƙofar zaure zuwa ƙofar masallaci, ya je ya dawo, ya je ya dawo, ka manna masa wasu 'yan fararen maɓallai a gwiwa da kafaɗa kana bin sa da kyamara. Da Inna ta ce ka bar tsoho ya huta, cewa ka yi tarihi kake ajiyewa don jikoki su ga kakansu. Baba har babbar rigarsa ta Juma'a ya sa maka. Ya daɗe yana ba mutane labari a majalisa cewa ɗansa na ƙasar waje ya zo ya adana shi. Ni ma sakara, har da kawo maka kunun aya kana aiki. Ashe kayan aikin kamfaninku kake tarawa, mu muna ta washe baki.

Kwanakin baya Maliki ya sauke fasinja a tashar Birnin Kudu, ya leƙa shagon gem na abokinka Abdulsalami zai yi cajin waya, sai ya ji samari suna ihu suna cewa ga Ladan nan, ga Ladan nan, a bari ya ƙaraso. Ya matsa ya dubi talabijin. Wasan yaƙin nan ne da kuka yi, wanda kai da hannunka ka aiko wa Abdulsalami kyauta don ka yi burga a gari. Mai wasa yana sama a cikin jirgin yaƙi, yana leƙen ƙasa ta kyamarar nan mai ganin zafin jiki, komai toka-toka, mutane farare fat, ba fuska ba tufafi. Ga gida mai zaure, ga layi, ga masallaci, ga dutse a bayansa. Sai wani farin mutum ya fito daga zauren yana jefa ƙafar hagu gefe, kafaɗarsa tana yin ƙasa, yana zuwa daidai kwalbatin nan ya tsaya ya kai hannu ya gyara hula. Maliki ya ce nan take ya gane shi. Wa zai ga tafiyar nan a unguwarmu ya ce bai san babanmu Malam Sabo ladan ba ne? Ko ba a gan shi ba, da jin jan takalminsa ake cewa lokacin salla ya yi.

Samarin nan kuma, Allah ya shirye su, sun bar tankokin yaƙi da motocin abokan gaba da aka ce su harba, sun koma kan Baba. Tunda makamin naku mai linzami ba ya sauka nan take, sai ya ɗan jima a iska kamar yadda ka ce na gaske yake yi, gasa suke yi a ga wa zai saki nasa tun Baba yana bakin zaure, ya same shi daidai lokacin da ya tsaya gyaran hula. Wanda ya dace a yi masa tafi. Haske ya tashi, hayaƙi ya washe, babu Baba sai baƙin rami. A sake kunnawa, ya sake fitowa daga zaure. Maliki ya wanke Abdulsalami tas, ya sa ya goge abin a gabansa, amma ina! Tuni sun ɗauka a wayoyinsu ya zaga unguwa. Daga nan abin ya fito titi. Baba zai fito kiran azahar, su jeru a benci su fara fito a hankali irin ƙarar saukar bam, yana kaiwa kwalbati ya ɗaga hannu zuwa hula, su buga bencin gaba ɗaya su kwashe da dariya. Shi bai san dalili ba, har ɗaga musu hannu yake yi yana sa musu albarka. Dattawa sun tsawata, an ma zane wasu, amma a fili kawai aka daina, ana ci gaba da yi daga bayan katanga.

Na saurari saƙon muryar da ka turo wa Maliki bayan ya yi maka magana, na sake saurara don kada in zalunce ka. Ka ce ba Baba ba ne, inuwa ce kawai, ba suna ba fuska. Ka ce an sa shi ne a matsayin mutumin gari da ba ruwansa da yaƙi, duk wanda ya taɓa shi ana zabge masa maki, wai ma wasan tausayi yake koyarwa. Haba Abdurra'uf! Kai a wane gari ka tashi? Saurayin tasha ne zai damu da maki? Daga nan ka shiga yi mana lacca kamar mun tambaye ka. Wai babu wasan da ya kai naku kama da gaskiya, wai jirginku yana shan mai daidai da na gaske, in ya ɗauki bam mai nauyi ba ya juyawa da sauri, in hadari ya haɗo kyamara ba ta gani sosai, in ya yi sama da yawa na'urar abokan gaba ta hango shi, har waɗanda suka taɓa tuƙa jirgin yaƙi sun gwada sun yaba. Ka ce mutanen da ke cikin sauran wasanni tafiya suke yi kamar sun haɗiyi taɓarya, shi ya sa kuke buƙatar tafiyar mutum na gaske. To madalla, an yaba, Allah ya ƙara basira. Amma ina tambayarka, a cikin wannan gaskiyar taku, idan bam ya sauka, wa ke fitowa daga gida a guje ba mayafi? Wa ke tattara abin da ya rage a tabarma? Wa ke kiran sallar la'asar ranar nan? Kun zauna kun auna nauyin bam da gudun iska, ba ku sa ko mace ɗaya tana kuka ba, saboda kun san idan kun sa babu mai saye. Kada ka ƙara ce mini gaskiya. Ɓangaren da ke da daɗin kallo kuka ɗauka, kuka bar mana sauran.

Ita kuma ƙafar da ka ga ta dace da kasuwa, ka san inda ta samo wannan tafiyar? Ka sani mana, sai dai idan zaman can ya wanke maka kai. Muna ƙauye a Wurno lokacin, kana ƙarami, zazzaɓi ya sa ka suma cikin damina. Baba ya ɗaure ka a ƙirjinsa da rawani ya hau babur zai kawo ka asibiti, babur ɗin ya zame a gangaren rafi. Ya juya jikinsa ƙarfen ya danne shi don kada ya danne ka. Ni na riƙe masa ruwa mai ɗori yana jan ƙafar, na ga yadda ya ciji hannun rigarsa don kada Inna ta ji ihunsa. Kai ko ƙwarzane ba ka yi ba. Kuma tsayawar nan da yake yi a kwalbati, wadda ta burge ka har ka kwafe ta, ba hula ce ke karkacewa ba. Ciwo ne ke cizonsa a ƙugu, yake fakewa da hular don kada mutane su gane. Duk wanda ya zauna a gidan nan ya san haka, kai ma da tambaya ka yi maimakon ɗauka da ka sani.

Mun ɓoye masa iya ƙoƙarinmu, sai wani maƙwabci mai dogon baki ya je yi masa jaje. Ranar wata Juma'a na je gida, Baba ya sa aka kira Maliki ya ce a nuna masa. Na ce kada a nuna, ya ɗago ya kalle ni, na ja bakina. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya ga kansa ya fito daga zaure, ya ga tsayawar, ya ga hasken. Ya ce a maimaita, aka maimaita. Ina tsaye ina jira ya yi faɗa, wallahi da ya zage ka a lokacin da na ji sanyi a raina. Sai ya miƙa wayar ya ce yaron nan ya iya aikinsa, ashe haka yake kallonsa, ko tsayawar bai manta ba. Ya kuma ja mana kunne kada kowa ya tayar maka da hankali, kana ƙasar mutane da ƙaramin iyali, kada a jawo maka matsala a wurin aiki. Ka ji mutumin da ka sa a gaban makami.

Washegari ya gaya wa Inna cewa daga yau zai miƙe tafiyarsa, zai wuce kwalbatin nan ba tare da ya tsaya ba, samari su rasa wurin buga bencinsu. Inna ta roƙe shi ya bi ta bayan gida, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai je masallaci ta lungu. Tsoho da furfura zai canja tafiyar da ya yi rabin rayuwarsa da ita! Ya fito kiran azahar, ya daure, ya kai kwalbatin, ya ƙi tsayawa. Ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya faɗa cikin kwata, ƙashin ƙugun ya tsage. Samarin da ke yi masa fito su suka ɗauko shi suna salati. Yanzu yana kwance a ɗakin zaure, likita ya ce a shekarunsa kada mu sa rai da yawa cewa zai sake takawa. Wani ne ke kiran salla. Baba yana jinsa ta lasifika yana bin sa da leɓe, idan mutumin ya gajarta inda shi yake ja, sai ka ga ya rufe ido.

Duk da haka na so in bi umarninsa in ƙyale ka. Inna ce ta sa na ɗauki biro. Jiya Maliki ya biya ta gida, ta ja shi gefe ta roƙe shi ya kunna mata abin, amma farkon kawai, ya tsayar kafin hasken. Ta zauna a bakin murhu tana kallon farin mutumin nan yana jefa ƙafa yana nufar masallaci, yana kaiwa kwalbati ta ce a tsaya, a mayar baya. Maliki ya dawo ya kasa cin tuwo. Ka ga inda ka kai mu, Abdurra'uf. Duk duniya babu inda Baba yake tafiya masallaci yanzu sai a cikin wasanka, can ma ba a barinsa ya isa.

Saboda haka ka cire shi. Kada ka ce mini abin ya bar hannunka, na kamfani ne, na riga na ji wannan a saƙonka. Yadda ka iya baki ka shigar da shi, haka za ka iya baki ka fitar da shi. Ka roƙe su, ka durƙusa musu, idan sun ƙi ka san abin da ya rage maka, ba kai ne farkon wanda ya nemi wani aiki ba. Tunda kuma kuna son komai ya zama daidai da gaskiya, sai ka gaya musu mutumin ya daina fitowa daga zauren. Sannan ka nemo hoton asali da ka ɗauka, mai fuska, mai rigar Juma'a, wanda ya taka har ƙofar masallaci ya cire takalmi ya shiga, ka turo wa Inna. Shi ka yi mata alkawari da bakinka, ba wannan farar fatalwar ba.

Ka gaida Basma, ka ce mata ba da ita nake ba, ka shafa mini kan Nasiha. Maliki yana gaishe ka, Inna ma haka. Da na leƙa gida Birnin Kudu yau da safe, Baba ya ga ina neman takarda ya tambaya ko kai zan rubuta wa, ya ce in gaishe ka da kyau, in ce maka yana nan lafiya yana zuwa masallaci. Na isar da saƙonsa yadda ya ba ni. Tawa gaisuwar tana nan a ajiye sai ranar da ka cire shi.

Yayarka,
Safiyatu.