Baba da Haruffan Katako

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da jaririnku da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba ta tsaya a tsakiya tana kiran a zo a riƙe ta ba. An mai da maigidana aikin safe, Auta kuma jarrabawa ta sha masa kai.

Labarin Baba ne ya sa na ɗauki biro, don abin ya fi ƙarfin waya. Ka san tun da ciwon baya ya sa ya rufe shagon ɗinki ya zama wani iri, kullum yana baranda da rediyo, magana ma sai an ja shi. Injin zarton nan da ka aiko masa, mai siririn baki da ke hawa da sauka, wata da watanni yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado. Duk wanda ya tambaya sai ya ce shi tela ne, ba za a mai da shi kafinta da furfurarsa ba.

'Yata Mai Tabarau ce ta yi dalilin fitowar injin. Malamarsu ta kira ni ta ce idon yarinyar ba ya kai wa allo, littafi ma sai ta manna hanci, 'yan ajin sun yi gaba sun bar ta. Ta ce in samo mata manyan haruffa da za ta riƙa shafawa da hannu. Na zaga shaguna, na roba kawai na samu, ƙanana, kuma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ina ba Inna labari a kicin, ashe Baba na ji. Da safe muka tarar da injin a kan tsohon teburinsa na yankan yadi.

Yaya, farkon abin sai dariya. Murfin tsohuwar wardirob ɗin Inna ya je ya ɓalle, jan katako mai kauri da nauyin tsiya, wai shi ne mai kyau. Yana turawa, bakin zarton ya tsinke. Ya sa wani, shi ma ya tsinke, katakon ya yi baƙi yana hayaƙi, har Inna ta fito da gudu ta ɗauka tukunyarta ce ta kama. Daga nan ya koma kan ragowar katakon silin da ke bayan gida. Wannan ya yanku cikin sauƙi, amma gefensa duk ya yi gashi-gashi. Ya yanka harafin a, ya miƙa wa jikarsa yana murmushi, tana shafawa sartse ya shige mata yatsa. Ihun da ta yi har maƙwabta sun ji. Shi ya cire mata da allura. Ya ce yatsan nan shi ne idonta, shi kuwa ya soke shi. Ya yafa wa injin zane, ya ce in rubuto maka ka san yadda za ka yi da kayanka.

Na tsorata ƙwarai, don na ga zai koma baranda fiye da da. Sai ga yarinyar nan bayan kwana biyu, da filasta a yatsa, ta tsaya a gabansa tana tambaya ina b ɗinta, wai ita ba ta karatu da harafi ɗaya. Baba ya miƙe, ya sa hula ya nufi wurin kafintan ƙarshen layi, wanda suka shekara suna musun ƙwallo. Kafinta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau tela ya shigo hannu, amma ya rufe shago ya raka shi wurin 'yan katako.

Da ya dawo sai da ya zaunar da mu ya yi mana darasi. Ya ce ɗan koyo da farin katako mai taushi yake farawa, siriri, wanda bai wuce kaurin ƙaramin yatsa ba. Ya ce a tabbata ya bushe, don ɗanye daga baya banƙarewa yake yi. A ɗaga shi a hango gefensa ko ya karkace, a guji mai ƙulli don nan zarto ke tsinkewa, in kuma mai falle-falle ne a duba kada a ga rami tsakanin fallayen. Ya ƙara da cewa ba a tura katako da ƙarfi, bin layi kawai ake yi a bar zarto ya ci abinsa. Inna ta ce da ya san haka tun farko da wardirob ɗinta na da murfi.

Sai da ya ɓata guntaye da yawa yana koyon layi miƙaƙƙe da lanƙwasa kafin ya sake taɓa harafi. Cikin o da b ne ya fi ba shi wuya, don sai an huda katakon, an zura bakin zarton ta hudar, an ɗaure, sannan a yanke. Kowanne ya gama sai ya goge da samfefa, ya goga a kumatunsa, in bai ji kaushi ba sannan ya shafa baƙin fenti.

Yanzu haruffa sun cika, kowanne ya kai tafin hannu. Shekaranjiya Malama ta sa Mai Tabarau ta fito gaban aji da farin tire, ta lalubo haruffanta ta jera kalmar ƙofa a kai, ta karanta da ƙarfi. Da wani yaro ya miƙo mata k, ta shafa ta ce wannan ba shi da ƙugiya. Ina tsaye ta taga ina share hawaye. Da yamma Malama ta zo gida da kanta tana roƙon a yi wa ajin irinsu gaba ɗaya. Baba ya gyara zama, ya ce ta yi haƙuri ta bi layi, aiki ya yi masa yawa.

Ya ce in gaya maka ka aiko da bakin zarto, sirara masu ƙananan haƙora. Ya kuma ce kada in kuskura in ce maka injin ya burge shi.

Inna na gaishe ku da addu'a. Gwaggo da Kawu da Auta da maigidana duk suna gaisuwa. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan jariri. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Maman Mai Tabarau