Hoton da Zan Manna a Mota

Al Satwa, Dubai
Disamba 2018

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya Anti Rabi da yara? Ni dai alhamdulillahi, sai gajiya.

Makon jiya mutanen nan suka yi bikin ranar ƙasarsu. Kowace mota ta sha ado da hoton marigayi shugabansu na farko. Abokin aikina Salim, ɗan ƙasa, ya miƙo mini ɗaya, ya ce, "Yalla, maza manna Baba a motarka." Baba fa yake ce masa, Yaya! Wai a bukkar ganyen dabino aka haifi mahaifin Salim, shugaban nan ne ya kawo musu ruwa da asibiti.

Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Ba zan tauye marigayin ba, ya yi aiki, ko da yake akwai gumin baƙi irinmu a ciki. Mu ma Allah ya ba mu man fetur, amma ga ni shekara goma sha biyu ina sabunta biza.

Sai Salim ya ce, "Ku wa kuke mannawa, habibi?" Na bi shugabanninmu ɗaya bayan ɗaya a zuci, ban ga wanda zan manna ba.

Don Allah ka ɗauki hoton mahaifinmu na bangon ɗakin Inna, ka turo mini ta waya. Ai rijiyar da ya haƙa har yau unguwa ke sha. Shi zan manna.

A sa ni a addu'a. A gaida Liman da su Kawu.

Ƙaninka,
Nasiru