Dogayen Harsasan Baffa Radoje

Zuwa ga Baffa Radoje,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Jamus? Inna tana gaishe ka. Kaka bai ce in gaishe ka ba, don ba ya yi wa kowa magana.

Na rubuto ne saboda a waya bakina ba ya buɗewa. Kawunan harsashin da ka aiko wa mahaifinka, dogayen nan masu tsini, sun kunyata shi. Da gajeru masu taushin baki yake ɗura harsasansa tun ba a haife ni ba. Amma ya ce tsarabar ɗansa ce, da ita zai yi gwajin harbi na bana. Ni na auna masa albarushi, shi ya dasa kawunan a kwanso.

Ranar Lahadi maharba suka kafa allo a tsallaken kwazazzabo. Kowa harbi uku. Na Kaka biyu ba a gan su ba, ɗaya ya taɓa gefen allo. Obrad shugaban maharba ya ce masa, "Milutin, allon kake nema ko ƙasar Bosniya?" Har masu kawo kofi sai da suka yi dariya.

Ka san doka. Wanda ya faɗi gwaji ba zai hau dutse da bindiga ba, sai dai ya shiga cikin masu koro namun daji, yana dukan gwangwani da sanda. Kaka, da furfurarsa. An ƙara masa dama ɗaya, Lahadin da za ta biyo bikin coci.

Me ya sa ka aiko su?

'Yarka,
Stanka

*

Stanka,

Na samu takardarki, ina amsa gaisuwa. Ashe bebiyar gidanmu ta iya faɗa, alƙalami kawai take jira.

Kawunan nan da su ake cin gasar harbin nesa a nan. Suna da nauyi, iska ba ta kaɗa su. Ke da kika bar firamare jiya, ke za ki koya mini harsashi? Ki riƙe ma'auninki, ki bar wa manya maganar manya. Tsoho ya tsufa. Idan an ba shi gwangwani ya karɓa, ba a taɓa mutuwa don an daki gwangwani ba.

Ki gaishe da innarki, ki ce cukun da ta aiko ya iso.

Baffanki,
Radoje

*

Zuwa ga Baffa Radoje,

Bayan gaisuwa. Ban isar da saƙonka ga Inna ba, ka kira ta da kanka.

Na tsallaka kwazazzabo na duba allon. Ramin harsashin Kaka ba zagaye ba ne, dogo ne, a kwance ya shiga. Ya yi ta wuntsilawa a iska kenan. Murɗin da ke cikin bututun tsohuwar bindigar nan ba ya iya juya dogon kai yadda zai tafi a miƙe.

Ba ni na gano wannan ba. Kaka ne ya gaya mini tun ina ƙarama, ya ce kai da shi kun taɓa gwada irinsu kafin ka yi tafiya, kuka zubar da sauran a rafi. Shi ya manta. Kai ba ka manta ba.

Jiya Obrad ya biyo ta ƙofar gida da gwangwanin man zaitun a hannu. Ya ce, "Tsoho, na zaɓo maka mai zaƙin murya." Kaka ya shige ɗaki. Tun ranar gwaji burodi kawai yake gutsura. Ni kuma ban tare masa ba, har yanzu ina jin haushin kaina.

Da gangan ka yi, Baffa. Ka ce ba haka ba ne.

Stanka

*

Stanka,

Ina gaishe ki. I, da gangan na yi, kuma gobe ma zan sake.

Bara da na zo hutu mun hau dutse ni da shi. Ya ɗaga bindiga ya ce ga akuyar dutse can a kan tsauni. Matar Obrad ce, sanye da rigar ulu ruwan ƙasa, tana tsinkar ganyen shayi. Ni na danne bakin bindigar. Da muka sauko na ce ya je a duba masa ido, ya ce idan na ƙara faɗa ba shi ba ni. Innarki ta sani, tsoronsa take ji. Obrad bai sani ba, kuma kada ya ji.

Kin fi son a yi masa dariya ko a zo a tafi da shi a motar 'yan sanda? Kada ki kuskura ki ɗura masa gajerun. Bindigar nan da gajeru ko makaho zai iya dacewa da allo, daga nan kuma sai dutse.

Ki yi fushinki. Allah ya tsare ku.

Radoje

*

Zuwa ga Baffa Radoje,

Gaisuwa. Ban ji maganarka ba, na ɗura gajerun. Ban yarda da kai ba, ina so in gani da idona.

Ranar Juma'a na kafa allo a bayan garken tumaki, nisan bai kai rabin na kwazazzabo ba. Kaka ya harba uku. Na je na duba, allon fes. Ɗaya ma a jikin itacen da ke can gefe na same shi. Nan na gane gaskiyarka, idonsa ne ba bindigar ba.

Na dawo ya ce, "Ina suka faɗa, 'yar nan?"

Na ce, "Kaka, dogayen nan sun cinye cikin bututun. Bindigar ta mutu."

Ya daɗe yana shafa ta. Sai ya ce, "Radoje ɗan banza." Ya nemi miyar wake, ya sha kwano biyu.

Da safe na je wurin Obrad a shagon kofi, gaban kowa. Na faɗa masa dogayen kawunanka sun kashe bindigar Kaka. Ya ce wanda bindigarsa ta mutu bai faɗi gwaji ba, kuma dattijon da ba shi da bindiga shi ke zama bakin wuta ya raba nama. Kaka ya karɓa.

Yanzu duk ƙauye sun san kai ka kashe bindigar ubanka da kayan gayun Jamus. Idan ka zo Kirsimeti za su zage ka, Kaka ne zai fara. Ka sunkuyar da kai ka yi shiru. Kada kuma ka saya masa sabuwa.

Ban huce ba tukuna. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Stanka