Hutun Da Kwamfutoci Suka Cinye

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Umma, ya yara? Mu lafiya lau.

Zuwanmu gida ya sake fasuwa. Maigidan yana fama da haɗa wata manhajar aro da ta wurin aikinsu, don ta yanka babban lissafi ta raba wa kwamfutoci. Kullum ɗaya na nishi da kaya, sauran na jiranta. Sai ya gyara za a ba shi hutu.

Jiya ya ce min rabo mai kyau shi ne kowacce ta riƙe nata, su rage magana da juna. Na ce, "Ashe mu a gidan nan mun riga su." Ya yi dariya ya koma aikinsa.

A littattafan soyayyar da nake karantawa, nan ne miji yake juyowa ya rarrashi matarsa. Kada Umma ta ji.

Ƙanwarki.